Yabon Gwani Ya Zama Dole: Darasin Farfesa Racaniello a Kan Ƙwayoyin Bairas

Bari in faɗa tun daga farko, don kada wani ya ce na yi masa rufa-rufa: ni ɗan gani-kashe-nin Farfesa Vincent Racaniello ne, kuma wannan sharhi yabo ne daga sama har ƙasa. Mutumin nan malami ne a Jami'ar Columbia da ke birnin New York a Amurka, inda yake koyar da ilimin ƙwayoyin cutar da ake kira bairas. Kowace shekara yana ɗaukar karatun da yake yi wa ɗalibansa a aji, lacca fiye da ashirin, kowace ta kai sa'a guda ko ta ɗan ɗara, ya ɗora a YouTube kyauta. Babu kuɗin makaranta, babu takardar shiga, babu neman biza. Abin da ɗalibin Columbia yake ji a kujerarsa, shi za ka ji a wayarka. A cikin duk abin da na taɓa saurara ko na karanta a kan wannan fanni, ban ga na biyunsa ba.

Laccocin farko-farko su ne suka fi tafiya da ni, domin a cikinsu yake warware tambayoyi uku da suka daɗe suna ruɗa mutane: yaya ake rarraba bairas gida-gida, yaya ake raɗa musu suna, kuma yaya aka gina jikinsu? Mai karatu zai ce ai wannan busasshen karatu ne na hadda. Wallahi a bakin Racaniello ba haka yake ba. Yana ɗauko dubban ƙwayoyin da ba su kama da juna, ya nuna maka cewa 'yan ƙa'idoji ne ƙalilan suke tafiyar da su duka. Da zarar ka riƙe ƙa'idojin, sai ka ga hadda ta ragu, fahimta ta zauna.

Wane ne mutumin?

A wurinmu ana daraja karatun da aka ɗauko daga bakin wanda ya zauna a gaban mai littafi, kuma silsilar Racaniello ba ta da tsinke. Ya yi digirinsa na uku a ƙarƙashin Peter Palese, gwanin binciken ƙwayar mura, sannan ya wuce ɗakin binciken David Baltimore a jami'ar MIT. Baltimore ɗin nan shi ne ya tsara rabe-raben bairas da duniya ke amfani da shi har gobe. A can, a 1981, su biyun suka yi abin da ya girgiza fannin: suka kwafe kundin gadon ƙwayar shan-inna zuwa DNA, suka zuba kwafin a cikin tantanin halitta, sai ga ƙwayar shan-inna cikakkiya ta fito tana yaɗuwa. A 1982 ya koma Columbia, kuma a 1989 ɗakin bincikensa ya gano furotin ɗin da ke jikin tantanin ɗan Adam wanda ƙwayar shan-inna ke kamawa ta shiga, wanda ake kira CD155. Yana kuma cikin marubutan Principles of Virology, babban littafin da jami'o'i da yawa ke karantar da wannan fanni da shi.

Duk wanda ya tashi a Kano, Katsina ko Borno ya san abin da shan-inna ya yi wa gidaje, ya kuma san ranar 25 ga Agustan 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. To mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wannan ƙwaya shi ne yake tsaye yana yi maka bayani. Idan ya ɗauko misali da shan-inna, kuma yana yawan ɗaukowa, za ka ji muryar wanda ya san abin ciki da bai.

Buɗe taro da ban mamaki

Laccar farko tana somawa ne da girgiza tunaninka. Bairas ɗin da ke kama bakteriya a cikin ruwayen duniya kaɗai, adadinsu ya haura lamba 1 mai sifili 30 a bayanta. Muna shaƙarsu, muna cinsu a abinci, kuma mafi yawansu ba sa yi mana komai. Kusan kashi 8 cikin ɗari na kundin gadon ɗan Adam ragowar tsofaffin bairas ne da suka shiga jikin kakanninmu suka zauna. Kai! Ka zo jin labarin abokan gaba, sai aka nuna maka cewa wani yanki nasu yana cikin jininka.

Daga nan sai tarihi, a taƙaice kuma a tsare. A 1892 Dmitri Ivanovsky a Rasha ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da matacin da ke tare bakteriya, amma ruwan da ya wuce bai daina sa wa lafiyayyen ganye cuta ba. A 1898 Martinus Beijerinck a Holan ya maimaita aikin, ya fahimci cewa wani sabon nau'in abu ne wanda ba ya hayayyafa sai a cikin mai rai. A shekarar dai Loeffler da Frosch a Jamus suka nuna irin wannan a cutar da ke kama baki da kofaton shanu, sannan a 1901 aka tabbatar da na farko a jikin mutum, wato na zazzaɓin shawara. Sai a ƙarshen shekarun 1930, da aka samu madubin lantarki, ido ya fara ganinsu.

Akwai wata tarbiyya da yake yi wa ɗalibai tun a nan wadda ta burge ni ƙwarai. Yana hana su cewa bairas yana so, ko yana dabara, ko yana shirya makirci. Ƙwayar ba ta da nufi. Sinadarai ne da ke haɗuwa bisa ƙa'ida, wanda ya dace da yanayi ya wanzu, wanda bai dace ba ya ɓace. Wannan ladabin harshe kaɗai ya isa ya gyara rabin rahotannin da muka sha ji lokacin korona.

Gidaje bakwai na Baltimore

Ga inda darasin ya ciri tuta. A 1971 David Baltimore ya yi wata tambaya mai sauƙin gaske. Babu bairas ɗin da ke da na'urar ƙera furotin tasa ta kansa. Dole ya yi amfani da ta tantanin da ya shiga, wato ribosom, shi kuwa ribosom abu ɗaya yake iya karantawa: RNA ɗan aike. Saboda haka kowane bairas a duniya, komai girmansa, komai ƙanƙantarsa, sai ya samar da wannan ɗan aike. Tambayar ita ce: daga irin kundin gadon da yake ɗauke da shi, ta wace hanya zai kai ga ɗan aiken? Baltimore ya lissafa hanyoyi shida, daga baya aka ƙara ta bakwai. Shi ke nan. Bakwai kacal!

Racaniello yana sa ɗan aiken a tsakiyar allo, ya jera gidajen bakwai a kewaye, kowanne da kibiyarsa tana nuni zuwa tsakiya. Idan ka cika zanen da cututtukan da muka sani, ga yadda zai kasance. Gida na ɗaya masu DNA mai zare biyu ne, irin namu: agana, ƙarambau da ƙyandar biri. Na biyu masu DNA mai zare ɗaya, kuma a nan manomi zai tarar da ƙwayar da ke nannaɗe ganyen rogo da wadda ke yi wa ganyen masara zane-zane. Na uku masu RNA mai zare biyu, irin rota mai sa yara gudawa. Na huɗu masu RNA mai zare ɗaya wanda ribosom ke karantawa kai tsaye, ana yi masa alamar tarawa: shan-inna, korona, shawara, Zika. Na biyar su ma zare ɗaya ne, amma nasu a juye yake, sai an kwafe shi kafin ya karantu, ana yi masa alamar ɗebewa: mura, ƙyanda, haukan kare, Ebola, kuma a nan ake ajiye Lassa. Na shida masu mayar da RNA ya koma DNA su cusa shi a cikin kundin gadon mai masauki, irin ƙwayar ƙanjamau. Na bakwai masu DNA ne amma sai sun bi ta RNA kafin su sake kwafar kansu, irin ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

Daɗin abin shi ne zanen yana ba ka ikon hasashe. Ɗauki gida na huɗu da na biyar. Idan ka tsamo RNA ɗin shan-inna tsirara, ka saka a tantani, zai haifar da sababbin ƙwayoyi, tunda ribosom zai kama karatu nan take. Yi haka da na ƙyanda, babu abin da zai faru, domin tantaninmu ba shi da injin kwafar RNA daga RNA. Don haka tilas ƙwayar ƙyanda ta shigo da nata injin a cikin jikinta. Ba sai an faɗa maka ba, kai da kanka za ka ciro wannan hukunci daga zanen. Malamin yakan tsaya a tsakiyar lacca ya jefa wa ɗalibai tambaya mai zaɓi, su amsa ta wayoyinsu, sannan ya bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya yana nuna inda kowace ta kauce. Za ka tsinci kanka kana amsawa da ƙarfi kai kaɗai a ɗaki, kana murna idan ka dace.

Gida na shida ma yana da nasa labarin. Kafin 1970 an ɗauka cewa bayani daga DNA yake gangarowa zuwa RNA, ba ya komawa baya. A shekarar Baltimore da Howard Temin, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano sinadarin da ke yin aikin a juye. A 1975 suka karɓi kyautar Nobel tare da Renato Dulbecco. Shekaru kaɗan bayan haka ƙanjamau ya bayyana, kuma magungunan farko da aka yaƙe shi da su wannan sinadarin suke toshewa. Ka ga yadda rarraba abu a allo yake komawa magani a asibiti.

Sunan cuta daban, dangin ƙwaya daban

Babbar ribar da na samu a wannan karatu ita ce na daina yarda da sunan cuta a matsayin shaidar dangantaka. Muna cewa ciwon hanta nau'in A, B da C, sai ka ɗauka 'yan ɗaki ɗaya ne. Ina! Hantar da suke kamawa ce kawai ta haɗa su. Ƙwayar A 'yar dangin shan-inna ce, ta baki take shiga, ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Ƙwayar C 'yar dangin zazzaɓin shawara ce. Ita kuwa B tana can gida na bakwai, ba ruwanta da su biyun. Haka ƙyanda da ƙyandar biri: ɗaya RNA ce a gida na biyar, ɗaya DNA ce a gida na ɗaya. 'Yar uwar ƙyandar biri ta jini ita ce agana, shi ya sa rigakafin agana yake ba da kariya daga gare ta. 'Yar uwar ƙyanda kuwa ita ce bushiya, annobar da ta sha ƙarar da garken Fulani, wadda aka sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a 2011. Wa zai ce cutar da ke fesowa a jikin yaro da wadda ke kayar da shanu 'yan zuri'a ɗaya ne?

Wannan tsari na zuri'a aikin wani kwamiti ne na ƙasa da ƙasa, ICTV, wanda aka kafa a birnin Mosko a 1966, ya fitar da rahotonsa na farko a 1971. Racaniello yana nuna ma'aunan da aka fara amfani da su: irin kundin gado, siffar kwanso, ko akwai mayafin kitse ko babu, da girman ƙwaya. Yana kuma koya maka karanta ƙarshen suna. Duk sunan da ya ƙare da viridae, sunan dangi ne, kamar Picornaviridae na su shan-inna, ko Filoviridae na su Ebola. Wanda ya ƙare da virales ya fi dangi faɗi, wanda ya ƙare da virus kuma zuri'a ce a cikin dangi. A yau matakan sun kai 15, tun daga babbar daula irin Riboviria, wadda ta tattara mafi yawan masu RNA, har zuwa jinsi guda. Jinsunan da kwamitin ya amince da su sun haura 10,000, kuma da yawa daga cikinsu ba wanda ya taɓa ganinsu da ido ko ya raine su a ɗakin bincike. Daga jerin haruffan gadonsu aka san da su, bayan an tace ruwan teku, ƙasa ko kashin dabbobi.

Sunayen yau da kullum kuwa kowanne da inda ya samo asali. Wasu daga siffa: korona saboda ƙayoyin da suka kewaye ta kamar kambi a hoton madubin lantarki, dangin Lassa kuma ana kiransu arena saboda cikinsu yana nuna ɗigo-ɗigo kamar yashi. Wasu daga furotin: H da N ɗin da muke ji a H5N1, murar tsuntsayen da ta ɓulla a wata gona a Jihar Kaduna a 2006, haruffan farko ne na furotin biyu da ke saman ƙwayar mura, lambobin kuma nau'insu. Wasu kuma daga wuri: Marburg gari ne a Jamus, 1967, Zika daji ne a Yuganda, 1947, Ebola kogi ne a Kwango, 1976, kuma da gangan aka zaɓi sunan kogin don kada a ɓata sunan ƙauyen Yambuku inda cutar ta ɓarke.

Garin Lassa da ke kudancin Jihar Borno bai samu wannan alfarma ba. A 1969 wata ma'aikaciyar jinya a asibitin mishan na garin ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, aka gano ƙwayar a Jami'ar Yale, aka laƙaba mata sunan garin. Yau jihohin Ondo, Edo da Bauchi ne suka fi fama da cutar, amma sunan yana nan a wuyan Lassa. Irin wannan ne ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa a daina sa wa sababbin cututtuka sunan gari, ƙasa, mutum, dabba ko sana'a. A ranar 11 ga Fabrairun 2020 kuwa aka ji sunaye biyu: hukumar ta kira cutar COVID-19, masanan ICTV suka kira ƙwayar SARS-CoV-2. Daga 2021 kuma kwamitin ya koma sa wa kowane jinsi suna mai kalma biyu, kamar yadda ake yi wa tsirrai da dabbobi. Jinsin ƙwayar Lassa ya zama Mammarenavirus lassaense, na ƙyanda Morbillivirus hominis, na korona Betacoronavirus pandemicum. Wanda ya bi darasin nan, waɗannan dogayen sunaye ba za su tsorata shi ba, zai ma karanto dangantaka daga cikinsu.

Laccar gini: nan ne na sallama

Idan aka ce in zaɓi lacca ɗaya tak, ta siffar bairas zan ɗauka, ba tare da na yi dogon tunani ba. Tana farawa da wata matsala. Ƙwayar shan-inna faɗinta kusan nanomita 30 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kundin gadonta haruffa ne wajen 7,500. Wannan ɗan rubutu bai isa ya ba da umarnin ƙera ƙaton furotin guda da zai lulluɓe shi ba. To yaya aka yi ya samu kwanso? A 1956 Francis Crick da James Watson, waɗanda suka gano siffar DNA, suka ba da amsa: ƙwayar tana ƙera ƙaramin furotin iri ɗaya ko 'yan iri kaɗan, ta maimaita shi sau da yawa, kowane guda yana kama maƙwabcinsa ta hanya iri ɗaya. Idan aka bi wannan ƙa'ida, siffa biyu ce take fitowa: ko sanda murɗaɗɗiya, ko dunƙule.

Misalin sandar shi ne ƙwayar ganyen taba: furotin iri ɗaya, kwafi wajen 2,130, sun nannaɗe RNA sun ba da sanda mai tsawon nanomita 300 da kaurin 18. Rosalind Franklin ta yi aiki mai yawa wajen gano wannan tsari. A 1955 Fraenkel-Conrat da Williams suka raba furotin ɗin da RNA, suka sake haɗa su a kwalba, sai ga su sun harhaɗa kansu sun koma ƙwaya mai sa cuta. Babu magini, babu mai ba da umarni. Siffar kowane guda ita ce take nuna masa mazauninsa. Tabɗijam!

Dunƙulen kuwa ba mulmulalle ba ne sumul. Siffa ce mai fuska 20, kowace fuska alwatika, da tsini 12. Sa furotin uku a kowace fuska, ka samu 60, kuma shi ne mafi ƙanƙantar kwanson da ake ginawa a wannan tsari. To masu manyan kundi fa, da 60 ba zai ishe su ba? A 1962 Donald Caspar da Aaron Klug suka warware wannan, suna masu ɗaukar haske daga rumfunan da mai zanen gini Buckminster Fuller yake ƙerawa. Suka ce tsini 12 ɗin nan kullum furotin biyar-biyar ne ke haɗuwa a kansu, amma a tsakaninsu ana iya cusa ƙungiyoyi masu shida-shida, kwanson ya yi ta faɗaɗa. Ɗauko tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari ka ƙirga: baƙaƙen faci masu kusurwa biyar guda 12 ne, farare masu kusurwa shida guda 20. Wannan shi ne ainihin tsarin kwanso mai furotin 180, wanda ake kira T=3. Lambar T kawai za ka ninka da 60. Ƙwayar ciwon hanta B tana gina mai 240, wato T=4. Dangin ƙarambau T=16 ne, adeno mai sa mura da ciwon ido T=25. Shan-inna tana da furotin iri huɗu, kowanne kwafi 60, uku a waje ɗaya a ciki. Lissafin ɗan firamare, amma shi ke riƙe da ginin dubban ƙwayoyi.

Sai kuma batun da Racaniello yake nanatawa har ya zauna maka: kwanson dole ya haɗa hali biyu masu karo da juna. A waje ya yi ƙarfin da zai kare kundin daga zafi, bushewa da ruwan ciki mai tsami. A cikin tantani kuma ya buɗe cikin sauƙi ya saki abin da ya ɗauko. Don haka ba a like furotin ɗin da juna dindindin ba, an ɗana su ne suna jiran alama. Ga shan-inna, alamar ita ce haɗuwa da CD155: tana kama shi sai kwanson ya sauya siffa, RNA ya samu kafar fita. Ga mura, alamar ita ce tsamin da ke cikin 'yar jakar da tantani ya haɗiye ta a ciki. Yadda yake bin wannan mataki-mataki da hotuna masu launi, sai ka ji kamar a gabanka abin yake faruwa.

Daga ƙarshe sai mayafin kitse. Wasu ƙwayoyin, idan za su fita daga tantani, sukan yago wani yanki na fatarsa su lulluɓa, su jera ƙayoyin furotin nasu a kai. Korona, mura, ƙyanda, Ebola, Lassa da ƙanjamau duk haka suke. Shan-inna, rota da ciwon hanta A ba su da shi. A nan ne ilimin ya sauko har bakin buta. Sabulu da sinadarin goge hannu suna narkar da kitse, mayafin yana wajewa ƙwayar ta tashi aiki. Marasa mayafi kuwa sun fi taurin kai: suna jure tsamin ciki, su fita ta bayan gida, su daɗe a ruwa da kwata. Shi ya sa yaƙi da su yake buƙatar tsaftataccen ruwan sha, wanke hannu sosai da ruwa mai gudu, da rigakafi, kuma shi ya sa masu sa ido kan shan-inna suke ɗibar ruwan magudanai suna gwadawa. Ka san ginin ƙwaya, ka san hanyarta, ka san maganin hanyar.

Bai kuma ɓoye waɗanda suka fasa ƙa'ida ba. Akwai Mimivirus da aka bayyana a 2003, wanda saboda girmansa aka shekara goma ana ɗaukarsa bakteriya, kundinsa ya kai haruffa miliyan 1.2. Akwai Pandoravirus na 2013 mai kusan miliyan 2.5. A ɗaya gefen akwai 'yan mitsi-mitsi masu haruffa ƙasa da 2,000. Duk da wannan tazara, kowannensu yana da mazauni a cikin gidajen nan bakwai. Wannan shi ne ƙarfin tsarin, kuma shi ne abin da malamin ya iya nunawa fiye da kowa.

Ga wa ya dace?

Karatun da Ingilishi ne, kuma na jami'a ne, ba a rage masa gishiri don 'yan kallo ba. Wanda ya san mene ne tantani, DNA da furotin daidai gwargwadon karatun sakandare zai iya bi, musamman idan ya kunna rubutun da ke bin magana a ƙasan allo, ya riƙa tsayarwa yana komawa baya. Maganarsa a natse take, allunansa ba su da cunkoso, kuma da yake yana sabunta darasin duk shekara, abin da aka gano bara za ka tarar ya shigo bana. Wanda ya ƙoshi da laccocin yana neman ƙari, akwai shirinsa na tattaunawa, This Week in Virology, da ya faro tun 2008 yana zama da masana suna tankaɗe da rairayar sababbin bincike.

Ɗaliban likitanci, na aikin jinya, na likitan dabbobi da na nazarin ƙananan halittu a Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, wannan garaɓasa taku ce. 'Yan jaridar da ke rubuta labaran lafiya, ku ma ku leƙa, don mu huta da jin ana kiran bairas bakteriya, ko ana ba mai mura shawarar shan maganin da ba ya taɓa ƙwayarta. Malamanmu na jami'a da suka ƙware a fannin kuwa, ga ƙalubale: gidaje bakwai, siffa biyu, mayafi ko babu mayafi, duk abubuwa ne da za su faɗu da Hausa tsaf, kuma akwai miliyoyin masu waya da ke jiran wanda zai tsaya gaban allo ya faɗa musu.

Hukuncina dai ba shi da kwana-kwana: darasin nan gangaran ne, ya ci maki goma cikin goma. Mai karatu, ka nemi sunan Vincent Racaniello a YouTube, ka zaɓi jerin shekarar da ta fi kusa, ka fara daga lacca ta ɗaya da takarda da biro a hannu, kada ka tsallake ko guda har ka kai ta siffar bairas.